Yadda Za Ki Riƙe Gida Idan Annoba Ta Rufe Gari

Idan annoba ta shigo gari, hankalin kowa kan tafi wajen cutar da ake shelarta a rediyo. Ni kuwa abin da na gani a Kano a 2020, ina aiki a ƙaramin asibitin unguwa, ina kuma riƙe da gida mai tsofaffi da yara, shi ne ɓarna takan shigo ta inda aka saba: ƙwayar hawan jinin Hajiya ta ƙare ba a lura ba, an ɗage rigakafin jariri, yaro yana gudawa an ce a bari a ga gobe. An samu mai korona na farko a Kano ranar 11 ga Afrilu, dokar kulle ta fara aiki daren 16 ga wata, azumi ya kama ranar 24, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara wa jihar kullen mako biyu. A tsakanin nan ne masu haƙa kabari suka fara cewa aikin ya fi ƙarfinsu. Daga baya ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutuwar mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, akasarinsu sun haura shekara 65, fiye da rabi a gida suka cika, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari mai yiwuwa korona ce ta tarar da wani ciwon da suke da shi tun da can. Don haka duk matar da ta tambaye ni ta ina za ta fara shiri, nakan ce mata ta fara da ledar maganin tsofaffin gidanta.

Ledar magani

Ki samu littafi irin na 'yan makaranta, ki ware wa kowane mai ciwon dindindin shafinsa: mai hawan jini, mai ciwon suga, mai asma, mai sikila, mai farfaɗiya, mai shan maganin tarin fuka ko na cuta mai karya garkuwar jiki. Ki rubuta sunan maganin kamar yadda yake a jikin kwali, da ƙarfinsa, da lokacin sha, da ranar da zai ƙare. Kada ki dogara da "'yar farar nan ƙarama", domin ranar da za ki aiki yaro kemis, fararen ƙwayoyi ƙanana sun fi ɗari. Da zarar an fara jin ƙishin-ƙishin za a rufe gari, ki nemi na wata ɗaya aƙalla, na wata biyu in da hali. Masu karɓar magani kyauta a asibitin gwamnati su roƙi a ba su na watanni a haɗe, ana yin hakan. Maganin tarin fuka wata shida ake shansa ba fashi, kuma yankewa a tsakiya kan sa ƙwayar cutar ta yi taurin da maganin farko ba zai ƙara jin ta ba.

Hawan jini ba ya sallama. Mutum zai ce lafiyarsa ƙalau, ya ajiye ƙwaya, bayan kwanaki a wayi gari baki ya karkace. Idan kin ga haka, ko hannu ɗaya ya mutu, ko magana ta harɗe, ba a jiran safiya kuma ba a tsayawa shafa mai, asibiti za a nufa ko da dokar hana fita. Na'urar awon jini mai batir tana cikin abubuwan da na fi so in gani a gidan da ke da tsoho. A zauna a huta minti biyar kafin a auna, hannu a ɗore a kan matashi daidai ƙirji, a rubuta abin da ta nuna.

Mai ciwon suga da ke yin allurar insulin shi ne ya fi ba ni tausayi a watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ke haura digiri 40 kuma wuta sai an ga dama. Kwalbar da ba a buɗe ba firji take so, amma ba wajen ƙanƙara ba, don in ta daskare ta lalace. Wadda aka buɗe takan yi kamar mako huɗu idan wurin bai wuce digiri 30 ba. In babu firji, ki yi dabarar tukunya cikin tukunya, wadda Malam Mohammed Bah Abba ya yaɗa a ƙauyukan Jigawa don adana kayan miya. Ki sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, ki cika tsakaninsu da yashi, ki jiƙa yashin har sai ya daina shan ruwa. Kwalbar insulin ki sa ta a roba mai murfi don kada ruwa ya taɓa ta, ki ajiye a cikin ƙaramar tukunyar, ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma, ki aje a inuwa inda iska ke wucewa. Safe da yamma ki ƙara wa yashin ruwa. Ki riƙa ɗaga kwalbar ga haske: idan wadda take garau ta yi gajimare, ko kin ga gudaji a ciki, kada a yi amfani da ita.

In kulle ya haɗu da azumi kamar yadda ya faru mana, mai suga kada ya sauya lokacin magani da kansa, ya kira likitansa. Idan gumi ya karyo masa, jiki na rawa, ido na duhu, a ba shi ruwan sukari nan take, azumin ya rama daga baya. Addini ya yi masa rangwame, kada kunyar jikoki ta sa ya ƙi karɓa.

Abinci da ruwa

Ki sayi abin da zai jure ajiya, gwargwadon aljihu, ko da kwano ɗai-ɗai ne: gero, masara, wake, shinkafa, garin kwaki, manja, man gyaɗa, gishiri, ashana. Kayan miya kuwa busassu ne abokan tafiya, wato kuka, kuɓewa, karkashi, zogale, daddawa, kauɗa, barkono da busasshen kifi. Ƙuli-ƙuli da wake su ne naman yara idan nama ya yi wuya. Wake ki shanya shi ya bushe ƙayau, ki ɗura a jarka mai tsabta har baki, ki ɗaure murfin tamau, ƙwaro ba ya rayuwa inda babu iska. Don Allah kada ki zuba masa fiya-fiya ko ƙwayar da 'yan kasuwa ke jefawa a buhu, musamman a ɗakin da ake kwana. Guba ce.

Lokacin da aka sassauta mana kulle a watan Mayu, Litinin da Alhamis aka ba mu daga ƙarfe 10 na safe zuwa 4 na yamma, sai ya zama duk gari ya kwararo kasuwa lokaci guda. A ganina irin wannan rana ta fi sauran kwanakin mako haɗari. Mutum ɗaya za a aika, matashi mai lafiya, da takarda a hannu da takunkumi a fuska, ya je da zarar an buɗe, ya saya ya juyo. Tsoho da mai juna biyu ba sa cikin wannan aike. Gidaje uku ko huɗu na iya haɗa saƙonsu a hannun mutum ɗaya.

Ruwa ki cika duk mazubin da kike da shi, don 'yan garuwa su ma kulle kan shafe su. Na sha a tafasa shi ko a sa masa maganin tsarkake ruwa, a rufe randa, a ware moɗa mai dogon mariƙi wadda ba a kai ta baki. Ki ajiye ɗan kuɗi a hannu, ƙananan takardu, wanda ba na cefane ba ne, na daren da za a nemi abin hawa ne.

Sannan ki tuna maƙwabta. Ɗan adaidaita sahu, lebura, mai wankau, matar da ke tuyar ƙosai a bakin titi, duk sai sun fita suke ci. Da yawansu ba za su roƙe ki ba. In kin ga har la'asar hayaƙi bai tashi a gidan ba, ki zuba tuwo a kwano ki miƙa ta katanga.

Iska, hannu da baƙi

Cututtukan numfashi irin korona sun fi kama mutum a ɗakin da aka rufe, mutane da yawa suna shaƙar iska ɗaya. Gidajenmu na gargajiya suna da abin da ya fi kowane feshi amfani, wato tsakar gida. A mayar da hira da cin abinci da karatun yara can. Tagogi su kwana a buɗe in akwai raga, a shiga gidan sauro.

A ƙofar zaure ki aje buta da sabulu, duk wanda ya shigo ya tsaya nan tukuna. Daƙiƙa 20 ake cuɗawa, har tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce. Akwai wata al'ada da nake so mu bari har abada, ba don annoba kawai ba: kwanon ruwan wanke hannu guda ɗaya da ake zagayawa da shi kafin cin tuwo, babba ya tsoma, mai bi masa ya tsoma, har ya iso kan autan gida ruwan ya zama ruwan toka. Ƙaramin da garkuwarsa ta fi rauni shi ke wanka da dattin kowa. A riƙa zuba wa juna daga buta, ruwan ya zube a wani kwano daban.

Abin da ya fi wuya shi ne mutane. Mu dubiya da barka da ta'aziyya ne zumuncinmu, kuma hana dattijo karɓar baƙi sai da lallashi. Surukata ta ce min, "'Yar nan, ni ce zan kori wanda ya tako don ya gaishe ni?" Na ce, "Hajiya, ba kora ba ce. A shimfiɗa musu tabarma a tsakar gida, ke kina bakin ƙofarki, ku gaisa ku yi hira, hannu kawai za a ɗaga." Ta yarda da haka, da sharaɗin duk wanda ya zo sai an ba shi ruwa da goro. Kada ki tunkari tsoho da doka, ki kawo masa hanyar da mutuncinsa ba zai taɓu ba. Wanda kuma ya ce ai ƙaddara ba ta wuce ranarta, a tuna masa Sayyidina Umar ya kama hanyar Sham, da ya ji annoba ta ɓarke can ya juya da jama'arsa, ya ce suna gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah. A shekarar 2020 ko aikin Hajji ba a bar maniyyata daga wajen Saudiyya sun je ba. Suna da ɗaurin aure a yi su da mutane kaɗan, walima ta jira.

Idan wani ya kwanta

A ware masa ɗaki mai taga. In ɗaki ɗaya ne gare ku, a ba shi gefen taga, a ja labule, a bar tazarar taku biyu tsakanin shimfiɗu. Kofinsa, cokalinsa, kwanonsa da butarsa nasa ne shi kaɗai. Mai jinya mutum ɗaya ce, ba tsohuwa ba, ba mai ciki ba, ba mai suga ba, ita da mara lafiya duk su sa takunkumi. Sauran aikin gida a ɗauke mata, ta ci ta ƙoshi ta yi barci, domin sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Ba kowane zazzaɓi ne annobar ba. Cizon sauro bai tafi hutu ba don korona ta zo, kuma shi kan kashe yaro cikin kwana biyu ko uku. Gwajinsa na ɗigon jini a yatsa minti 15 zuwa 20 ne, ana yi a ƙananan asibitoci da kemis da yawa. In ya nuna akwai, a sha maganin haɗi na kwana uku a gama shi. Don sauke zafin jiki farasitamol ya isa: babba ƙwaya biyu masu 500, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana, yaro kuma gwargwadon nauyinsa. Ki duba kwalin maganin mura, da yawa akwai farasitamol a ciki, kada a ninka ba a sani ba. Yara ba a ba su asfirin. A watan Maris na 2020, da aka yi ta yayata cewa kulorokwin na maganin korona, hukumomin Legas sun sanar da kwantar da mutanen da suka sha ya yi musu yawa. Shayin citta da lemon tsami da zuma yana sanyaya maƙogwaro, ni ma ina sha, amma ba ya kashe ƙwayar cuta, kuma jaririn da bai shekara ba ba a ba shi zuma. Surace da tafasasshen ruwa ban yarda a yi wa yaro ba, na sha wanke ƙunar da ta fito daga nan. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa kisa yake yi ba tare da an ji wari ba.

Akwai abu ɗaya da nake so kowace uwa ta iya, shi ne ƙirga numfashin yaro. Ki bari sai ya natsu, ba yana kuka ko shan nono ba. Ki kwantar da shi a cinya, ki ɗage rigar, ki sa agogon waya a gefe. Duk ɗagawar ciki da saukarsa ɗaya ke nan. Ki ƙirga minti ɗaya cikakke, kada ki yi rabi ki ninka, don numfashin jariri yakan yi sauri ya tsaya ya ci gaba. Ƙasa da wata biyu, 60 ko fiye ya yi yawa. Daga wata biyu zuwa shekara, 50. Daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Ki kuma kalli ƙasan haƙarƙari: idan yana lotsawa ciki duk lokacin da ya ja numfashi, ciwon huhu ne mai tsanani. Wannan, da ƙin kama nono, da aman duk abin da aka ba shi, da jijjiga, da barcin da ba ya farkawa sosai, kowanne ɗaya ya isa a saɓa shi a fita.

Ga manya, 'yar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana nuna yawan iskar da ke cikin jini. Korona takan rage iskar mutum alhali yana zaune yana hira. In ta nuna ƙasa da 94 a kira ma'aikacin lafiya, in ta kai 90 ko ƙasa a tafi asibiti a take. Jan farce da baƙin lalle da sanyin hannu na iya ruɗa ta, a murza hannun ya yi ɗumi, a zaɓi yatsan da ba shi da komai. Ko babu na'ura, wanda ba ya iya ƙarasa magana sai ya tsaya ya huta, ko yake jin nauyi a ƙirji, ko ya fara sambatu, lokacin zaman gida ya wuce.

Gudawa ma haka. Shekara ɗaya bayan korona, a 2021, kwalara ta kama mutum fiye da 100,000 a Najeriya, ta kashe fiye da 3,000, kuma Kano, Jigawa da Bauchi na cikin inda ta fi tsanani. Ki ajiye ƙullin gishiri da sukari na kemis da ƙwayar zinc. In babu, ki haɗa da kanki: lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, wato ledar fiya-wata guda biyu masu rabin lita, sukari ƙaramin cokalin shayi shida a shafe, gishiri rabin cokalin. A riƙa ba da shi kaɗan-kaɗan ko ana amai, abin da ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo. Zinc kwana 10 zuwa 14 ake ba yaro ko gudawar ta tsaya.

Rigakafi da awon ciki ba sa jira

Wannan ne ya fi ci min rai. A kwanakin kulle bencin rigakafinmu ya zama wayam, iyaye mata na tsoron asibiti. Daga ƙarshen 2022 zuwa 2023 mashaƙo ya ɓarke a Najeriya, Kano ce ta fi kowace jiha yawan masu shi, kuma akasarin yaran da ya kama ba su kammala rigakafi ba. Allurar da ke kare shi tana cikin wadda ake yi a mako 6, 10 da 14, kyauta. Ta ƙyanda a wata 9, a maimaita a wata 15. Ki je da sassafe, ki sa takunkumi, ki zauna a waje har a kira ki. In an tsallake wata allura, ba a komawa farko, daga inda aka tsaya ake ɗorawa, ki dai riƙe katin.

Mai ciki ta ci gaba da awo da shan ƙwayoyin ƙarin jini. Tun wata bakwai a san asibitin da ke karɓar haihuwa da dare, a san mai motar da zai fito, a haɗa jaka. Zubar jini, ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska, ko ɗa ya daina motsi, ba a kwana da su. Mai shayarwa ko ta kamu da korona ta ci gaba da ba da nono, ta wanke hannu ta rufe hanci da baki.

Zaman tare

An rufe makarantu tun watan Maris, ba a koma sosai ba sai wajen Oktoba. Yaran da ba su da abin yi, da maigidan da ya saba fita tun asuba yanzu yana zaune ba ciniki, ga zafi, ga abokiyar zama a ɗaki na kusa, ƙaramar magana sai ta zama babba. Abin da ya taimake mu shi ne yini ya samu tsari. Bayan asuba allo, da hantsi darasin da ake sawa a rediyo ko babba ya koya wa ƙarami, bayan azahar kowa da aikinsa har maza, da yamma a bar su su yi ɗan guje-guje a tsakar gida, da dare tatsuniya. Salla a yi ta jam'i, maigida ya ja. Namijin da rashin samu ya sa shi shiru ko faɗa, ki nuna masa abin da ke cikin rumbu da kwanakin da zai kai, sanin gaskiyar lissafi ya fi zullumi sauƙi. Amma duka ba ya cikin abin da ake haƙuri da shi don ana kulle, a kira manyan dangi ko mai unguwa.

Labarai sau biyu a rana sun isa, daga tashar da kika amince da ita. Saƙon murya na WhatsApp da ba a san mai shi ba, wanda ke cewa a sha kaza ko kada a karɓi kaza, ya tsaya a wayarki. Haka aka yi ta yaɗa maganganu da allurar korona ta iso Najeriya a watan Maris na 2021, tsofaffi da yawa da suka fi kowa bukatarta suka ƙi zuwa. In kina shakka, ki tambayi ma'aikaciyar lafiyar da kika sani ido da ido.

A bangon ɗaki, inda kowa zai gani, ki manna takarda da lambobin waya: ta ma'aikacin lafiya na kusa, ta mai kemis, ta masu abin hawa biyu don in ɗaya bai ɗauka ba, ta mai unguwa, da 6232, layin kyauta na hukumar NCDC mai yaƙi da cututtuka masu yaɗuwa. A rubuta da manyan baƙi yadda ɗan firamare zai iya karantawa, domin wata rana ke ce za ki kwanta, shi zai kira. Waya ɗaya a gidan ta kasance kullum da caji da kati, kuma ba ita ake ba yara su yi wasa ba.